Jiƙaƙƙen Tayil a Kan Garwashi

Mai Tayil bai taɓa cin fiza ba, kuma da za a bar shi da son ransa, har ya tsufa ba zai nemi sanin ɗanɗanonta ba. Burodi ne fa aka baje aka shafa masa miya, mene ne abin ɗoki a ciki? Amma 'yarsa ce ta yi maganarta, ita kuwa 'yar nan ranar Asabar kaɗai yake ganinta, daga hantsi zuwa kafin magariba.

Asabar ɗin ma da ƙyar ta dawo hannunsa. Bayan sun rabu da mamanta, yarinyar ta zauna wajen uwar, shi kuma yana zuwa ɗaukarta ƙarshen mako. Wata rana aiki ya matse shi, ya tafi da ita wani gini da ba a gama ba, ya zaunar da ita a kan buhun siminti ya ce kar ta motsa. Kai ka ji mutum, yaro ake ce wa kar ya motsa? Ta sauka, ta taka ƙusa, ƙafa ta kumbura har aka kwana asibiti. Daga nan mamar ta rufe masa ƙofa ruf. Ya daɗe bai sa 'yarsa a ido ba, sai dai ya tsaya can nesa da ƙofar makaranta yana hangenta kamar ɓarawo. Sai da kawun yarinyar, yayan mamar, ya yi ta zarya yana ba da baki, sannan ta sauko, kuma da sharaɗi. A gaban kawun ta faɗa, ba ta ko kalli inda Mai Tayil yake ba.

"Ko ƙwarzane na gani a jikinta, shi ke nan. Kar ma ya sake turo min kowa."

Ya san ta sarai. Ba ta maimaita magana.

Injiniya yake ce wa yarinyar, don tun tana rarrafe take jan ƙarfen awonsa, mai ɗigon ruwa a tsakiya, tana ɗora shi a kan duk abin da ta samu, har da cikinsa in yana kwance. Yanzu ta yi wayo, ta kusa gama firamare, ta rage surutu. A Asabar ɗin da ta wuce suna zaune a ƙofar ɗakinsa suna cin taliya da ƙwai, abin da ya fi iya dafawa ke nan, sai ta ce, "A gidanmu duk Juma'a ana yin fiza. Mijin Mama ya sayo obin babba."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma "gidanmu" ɗin nan ya tsaya masa a rai, ya ajiye cokalinsa.

"Fiza?" ya ce. "Ai ni ba sai da obin ba."

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, ka iya?"

"Ke dai Allah ya kai mu Asabar."

Haka ya ɗauko wa kansa. Duk makon, da an tashi cin abincin rana a wurin aiki, sai ya koma gefe ya jingina da bango yana kallon bidiyo a waya. Mai fenti, abokin aikinsa, ya leƙo ya ga wani ƙato sanye da gajeren wando yana murza ƙulli, ya ce, "Lallai, an bar daɓe an koma tuya? In ka buɗe shago ni ne mai wanke kwano." Mai Tayil ko kallonsa bai yi ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne, ƙaton nan ba obin yake amfani da shi ba. A bayan gidansa yake, da murhun gawayi. Ya ɗora wani faffaɗan dutse a kan ragar ƙarfe, ya bari ya yi zafi, ya shimfiɗa ƙullin a kai ya rufe. Har yana ɗaga dutsen yana nuna wa duniya, wai na musamman ne, sai an yi oda.

Mai Tayil ya yi dariya shi kaɗai. Na musamman ɗin me? Tayil ne wannan, an canza masa suna.

A nan kam ba mai koya masa. A bayan ɗakinsa akwai tarin ragowar aiki jingine da katanga, kala-kala, abin da masu gida suka ce ya kwashe musu. Ya tsallake masu sheƙi, don ya san abin da ake shafa musu bai kamata ya haɗu da abinci a kan wuta ba. Ya zaro wani ja na yumɓu zalla, mai kauri, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ya kara a kunne. Sautin ya fito garau, babu tsaga. Ranar Juma'a da yamma ya zauna ya dirje shi da soso har ƙurar siminti ta fita tas. Da ya gama, ya tsoma shi a baho, ya cika da ruwa, ya shiga ɗaki.

Bai yi tunanin komai ba, hannunsa ne ya yi. Tun yana koyon aiki abin da aka fara dasa masa ke nan: tayil ɗin yumɓu ba a ɗora shi a bushe, sai ya kwana a ruwa ya sha ya ƙoshi, in ba haka ba zai zuƙe ruwan siminti ya ɓanɓare. Ya sha ranƙwashi a kan wannan har ya zame masa jiki. Duk tayil ɗin da zai yi aiki da shi gobe, yau a ruwa yake kwana.

Da safe ya kwaɓa fulawa da yis da ɗan mai da gishiri, ya rufe da tawul ya ajiye a rana, sannan ya hau babur ya je ya ɗauko ta. Da suka dawo ƙullin ya tashi har yana ture tawul. Injiniya ta danna yatsa a ciki, ta ga ramin yana cikowa a hankali, ta gyaɗa kai.

"Ya yi," ta ce. Ya ji kamar an ba shi kwangilar bene.

Bayan gidan ba wani fili ba ne. Igiyar shanya, tankin ruwa, tarin tayil, sai rabin durom da ya sa mai walda ya yi wa ƙafafu da raga. Ya fito da teburin ɗakinsa ya shimfiɗa leda. Daga nan mulki ya koma hannun yarinyar. Ita ta ce a soya tumatir ɗin sai ruwansa ya tsotse. Ita ta ce albasarsa ta yi kauri, ya sake yankawa. Ita ta goga cuku, tana yi tana jefa kaɗan a baki tana zaton bai gani ba. Shi aka bar wa baje ƙulli, ya kuwa ɗauko kwalba ya murza, ya murza, ya durƙusa ya kanne ido ɗaya yana duba ko wani gefe ya fi wani tudu. Da ya ga bakin ya yi karkace, sai ya sa wuƙa ya datse shi kusurwa huɗu cif.

"Baba, ba ɗaki kake wa daɓe ba. Zagaye ake yi."

"Wa ya ce? Tayil ɗin zagaye ne?"

"Ta gidanmu zagaye ce."

"To ta nan gidan mai kusurwa ce, kowa ya samu gefe."

Ta yi dariya har tana riƙe tebur, fulawa a goshinta. Rabon da ya ji wannan dariyar tun kafin ƙusa. Ya juya ya shiga fifita gawayi da murfin bokiti, don kar ta ga yadda bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da garwashi ya yi ja, ya tsamo tayil ɗin daga baho, ya goge shi da tawul, ya ɗora a kan raga. Ya fara tururi yana wani ɗan cuu. Mai Tayil ya ce a ransa bushewa yake yi. Suka jira har saman ya bushe ya yi fari-fari, suka barbaɗa fulawa, suka zame ƙullin daga faranti zuwa kansa, da tumatir da albasa da niƙaƙƙen nama da cuku. Ya kifa babban kwanon ƙarfe a kai. Ba a jima ba ƙamshi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kwanon, ƙamshi na gaske, irin wanda ke sa maƙwabta su yi gyaran murya.

"Bari in leƙa ko cukun ya narke," in ji ta. Ta naɗe hannu da tawul, ta sunkuya, ta ɗaga bakin kwanon, ta kai fuska.

A lokacin ya ji wani ɗan sauti, ƙas, siriri. Kunnensa ya san wannan sautin, kuma a daidai nan komai ya faɗo masa: bahon, ruwan da yumɓun ya kwana yana sha, wutar da ke ƙarƙashi. Ya buɗe baki zai ce ta matsa.

Tayil ɗin ya tarwatse. Kwanon ya yi sama ya faɗi yana ƙara a kan siminti, garwashi ya watsu, toka ta tashi. Injiniya ta faɗi zaune, hannunta a kan fuska, jini yana bin tsakanin yatsunta.

Abin da ya fara zuwa ransa, kafin ya motsa, kafin ya kira ta, ba idonta ba ne. Asabar ce. Shi ke nan, ta tafi. Tunanin bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya zo, kuma shi ya riga zuwa. Ya durƙusa gabanta yana janye hannun, yana jin ƙyamar kansa irin wadda bai taɓa ji ba.

Idon lafiya lau. A ƙasansa ne, kan ƙashin kunci, yanka kamar tsawon gaɓar yatsa. Da ya ɗaga sama kaɗan, da wani zancen ake yi.

Ba ta yi kuka sosai ba. Hawaye dai na zuba, amma kallonta na kan murhu, inda fizar ta nutse cikin toka, cuku yana ɗiga a kan garwashi yana hayaƙi.

"Ta kusa nuna fa," ta ce.

Ya danne wurin da tawul mai tsabta, ya riƙe hannunta suka taka zuwa kemis ɗin bakin titi. Mai kemis, wani dattijo mai tabarau, ya zaunar da ita a benci, ya wanke ciwon, ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani ɗan jan ɓarɓashi ya ajiye a kan auduga. Ya ce ba sai an yi ɗinki ba, filasta ta isa, amma zai iya barin tabo. Yana yanka filastar ya tambaya, "Garin yaya?"

Mai Tayil ya fara laluben amsa. Kafin ya haɗa kalma biyu, yarinyar ta riga shi.

"Tsallen igiya nake yi, na harɗe na faɗi a kan matakala."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Mai kemis ya dubi jan ɓarɓashin da ke kan auduga, ya dubi toka a gashin girarta, ya dubi uban ta saman tabarau. Ya manna filastarsa. Mai Tayil ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Da suka koma gida ya rasa abin yi da hannuwansa, sai ya ɗauki tsintsiya. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta sa tsohuwar rigarsa, ta fito da tata a hannu, ta zauna bakin tanki tana wanke jinin da ya ɗiga a wuyan rigar. Da ruwan sanyi, ta ce, na zafi kama jini yake yi. Ta matse ta shanya a inda rana ta fi bugawa. Ta wanke kanta da fuskarta a hankali tana kauce wa filastar, ta shinshina hannun rigar ta ce ba ƙaurin hayaƙi. Yana tsaye da tsintsiya yana kallonta tana share sawun abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sa ta.

Ta zo wajen murhun ta tsinci wani gefen fizar da ya maƙale a raga, za ta kai baki. Ya riƙe hannunta.

"Akwai ɓarɓashi a ciki."

"Kaɗan zan ɗanɗana."

"A'a."

Ya dafa shayi, ya yanka burodi, suka zauna a ƙofar ɗaki. Sauran ƙullin na cikin roba yana ta kumbura, ba wanda ya kalle shi.

"Injiniya," ya ce, idonsa a cikin kofi. "Abin da kika faɗa wa mai kemis."

"Shi zan faɗa wa Mama. Akwai matakala a ƙofar gidan nan, ta taɓa gani. Kai dai ka ce kana ɗaki lokacin, ka ji ƙarar faɗuwata ka fito. Kar ka ce kana wurin, za ta ce me ya sa ba ka hana ni ba."

"Ƙarya ba kyau."

Shi da kansa ya ji yadda maganar ta fito, ba ƙashi a cikinta. Ta tsoma burodi a shayi ta ɗaga kafaɗa.

"Ai ba yau na fara ba. Ranar da babur ya mutu muka tako da ƙafa har magariba ta wuce, ce mata na yi ni na nace sai mun tsaya kallon ƙwallo. Ranar da ka kai ni shagon masu tayil kuna lodi, na ce gidan Gwaggo muka wuni. Da cikina ya yi ciwo bayan mun sha kankana, ban ma faɗa ba, na shiga banɗaki na kunna famfo." Ta ciji burodin ta gefen da ba ciwo. "Ba ta ganewa. Ni na san yadda ake yi mata."

Shi duk zatonsa ƙoƙarinsa ne. Yana ta yaba wa kansa cewa tun da aka dawo masa da ita bai yi kuskure ko ɗaya ba, ashe yarinya ce ke bin bayansa tana toshe ramuka. Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"To in faɗa mata gaskiya?" ta tambaya, tana kallonsa kai tsaye. Tambaya ce ta gaske, amsa take jira.

Ya kurɓi shayi. Ya ce rigarta ta bushe, ta je ta sa kar su makara.

A kan babur ya yanke shawara. Hannuwanta na zagaye da cikinsa, kuncinta mai lafiya a bayansa, shi kuma yana tsara magana. Zai ce laifina ne. Zai ce na jiƙa tayil na ɗora a wuta, aikin da ko sabon shiga ba zai yi ba in ya tsaya ya yi tunani. Zai ce ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma yarinyar nan ta daina ɗaukar kayan da ba nata ba. Ya maimaita a mahaɗar farko, ya gyara a ta biyu. Da suka shigo layinsu maganar ta zauna daram, har ya ji wani sanyi-sanyi a ransa, irin na mutumin kirki.

Mamar da kanta ta buɗe get. Idonta ya sauka a kan filastar tun kafin yarinyar ta gama saukowa. Ba ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Ta kama haɓar 'yarta ta juya fuskar wajen haske, ta ɗaga gefen filastar ta duba, ta mayar.

"Me ya faru?"

Shi ta tambaya. Ya buɗe baki, laifina ne ɗin na kan harshensa. Ta bayan kafaɗarta ya hango tsakar gidan, da ƙofar da in ta rufu yau ba kawun da zai sake buɗe ta. Ya tuna tsayuwa nesa da ƙofar makaranta. Numfashi ɗaya ya ja, bai fi haka ba, Injiniya kuwa ta shige ta wannan 'yar kafar.

Ta faɗi igiyar, ta faɗi matakalar. Ta ƙara da cewa Baba ma sai da ya hana ta, ta faki idonsa da ya shiga ɗaki. Ta sunkuyar da kai daidai yadda mai laifi ke yi, tana murza bakin riga.

Mamar ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo.

"Haka ne?"

Yarinyar ba ta ɗago ba. Ba ta yi masa alama ba, ba ta roƙe shi da ido ba. Ta gama nata, ta bar masa nasa.

"Haka ne," ya ce.

Fuskar mamar ta saki kaɗan, abin da bai gani ba tun kafin su rabu. "To an gode da ka kai ta kemis da wuri. Ka yi haƙuri, ba ta jin magana, ni ma fama nake yi da ita." Ta juya kan 'yar, muryar ta canza. "Ke kuma, mace da ke, kin je kin yi wa fuskarki tabo saboda rawar kai. Ubanki ya hana ki, kin mai da shi mahaukaci. Wuce ciki. Keken nan naki kin gama hawansa, kuma bikin ƙawar taki da kike ta ɗoki, ba inda za ki."

Kafaɗun yarinyar suka ɗan motsa da aka ambaci bikin. Ta yi masa zancensa da safe a kan babur, har da kalar rigar da za ta sa.

"Sai da safe, Baba," ta ce wa ƙasa, ta shige.

"Asabar ka zo da wuri," in ji mamar, hannunta a kan get. "Ina da fita, gara tana wajenka."

Get ya rufu, ya ji an zura sakata. Ya samu Asabar ɗinsa, har da ƙari. Yana nan tsaye riƙe da makullin babur, faɗan ya ci gaba daga ciki, muryar uwar tana hawa, tana lissafo wasu laifuffukan na da, da kallon ƙwallon da ya sa suka kai dare. Ya matsa kusa da get ɗin. Ya ɗaga hannu, ya dunƙule yatsu, ƙarfen na gabansa bai fi taki ɗaya ba. Daga ciki ya ji ƙaramar muryar tana cewa, "Ki yi haƙuri, Mama, ba zan sake ba."

Ya sauke hannun. Ya hau babur ya tayar da shi, ya murɗa da ƙarfi don kar ya ji sauran.